Rakiyar Kawu a Sanyuanli

Lokacin da nake karatu a Guangzhou, idan kewar gida ta ishe ni, wani tsohon bene nake nufa a unguwar Sanyuanli, bayan kasuwar Canaan. Can sama akwai wani Bakano da ke sayar da tuwo a falonsa. Babu allo a ƙofa, babu lasisi, wa zai ba shi? Bizarsa ta ƙare tun ina sakandare. Sarin kaya ya kawo shi, jari ya karye, ya yi ta sintiri neman ƙarin wa'adi, amsar kullum ɗaya ce: meyo, wato babu. Ya auri 'yar ƙasar, suka haifi 'ya mace, amma auren bai zame masa takarda ba. Kowa ya san duk ranar da aka kama shi jirgi za a sa shi, 'yar kuma nan za ta zauna.

Don haka ba ya sauka ƙasa. Matarsa ke cefane. In mun ci mun tashi, sai ya biyo mu bakin ƙofa ya toge, yana ta ba da haƙuri. Mukan tsokane shi mu ce ya fi amarya kulle. Yakan yi dariya, amma abin na cin sa.

Sai kawunsa ya zo daga Kano sarin wandunan jins a Xintang. Dattijo ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Ni na kai shi gidan. Suka wuni suna ambaton waɗanda suka rasu. Bayan la'asar kawu ya miƙe, shi ma ya zura takalmi.

"Koma haka, ɗana," in ji kawu.

"A'a Kawu, bari dai in ɗan taka maka."

Haka ake faɗa a wurinmu, haka ake amsawa. Kawu ya maimaita a tsakiyar matakala, amma sama-sama, don daɗin rakiyar yake ji. 'Yan sanda biyu na bakin layi suna duba fasfo. Mai tuwon ya gan su sarai. Kunya ta hana shi gudu a gaban kawunsa. Har yau in na tuna yadda ya miƙa musu hannu, raina ɓaci yake.

Ni na hau na gaya wa matarsa, 'yar na riƙe da gefen rigarta. Sai matar ta tambaye ni da 'yar Hausar da ta koya a wurinsa:

"Kawu bai san hanya ba?"

Na ce, "Ya sani."