Faifan da Ya Yi Ja Gaba Ɗaya

Ɗana ya cire jikata daga ajin kwamfuta bai shawarce ni ba, kuma ban yafe masa wannan ba tukuna. Yarinyar tana aji biyar na sakandare a nan Azare. Malamin lissafinsu yakan tsayar da su bayan tashi, kwana biyu a mako, yana koya musu rubuta wa kwamfuta umarni ta warware lissafi. Uban ya ce wasa ne.

"Inna, na'ura ce ke yi musu tunani," in ji shi. "Ƙwaƙwalwarsu mutuwa za ta yi. Mu da alli muka koya."

Ni da na zauna a benci ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da wani abu, gwiwoyina suna bugun tebur, ni zai gaya wa alli.

Da la'asar na kira yarinyar na ce ta faɗa mini abin da suke yi a ajin, kada ta rage komai. Ta buɗe littafinta, ido duk ya kumbura. Ta ce malam ya sa su umarci kwamfuta ta jero lambobi, kowace ta ɗara ta baya da uku, har zuwa ɗari. Nata ya ƙi tsayawa. Lambobi suka yi ta zubowa, ajin ya fashe da dariya.

"Mantawa na yi ban ce mata ga inda za ta tsaya ba, Kaka. Ita ba ta san komai ba, abin da ka faɗa kawai take yi."

Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar kaba a hancina, kamar yanzu aka tsamo ta.

A Katagum na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya. Mutanenta daga Barno suka zo, har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba, amma duk unguwar babu mai saƙar faifai kamarta. In bazara ta yi, zafi ya hana kowa motsi, sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiyar gidanmu. Kaba tana jiƙe a kwatanniya, wata fara, wata an rina ta ja da karan dafi, wata baƙa. Yatsunta kullum da jirwayen rini. Daga bayan katanga kana jin ƙarar luguden maƙwabta da kukan kurciya.

Iya ba ta koya wa yarinya saƙa da hannu tun farko. Sai ta riƙe basilla ta ce, "Yau ni hannu ce, ke ce baki. Abin da kika faɗa shi zan yi." Kai kuwa ka zauna gabanta kana bayar da umarni: fari uku, ja biyu, koma farko. Ba ta gyara maka. Ba ta ko ɗaga ido.

Ranar da ba na mantawa, tauraro nake so a tsakiyar faifai. Na ce fari huɗu, sannan ja. Daga nan hankalina ya tafi wajen 'yan'uwana da ke kakkaɓo tsamiya. Iya ta ci gaba da ja. Zagaye ya cika, ta shiga wani, ta shiga wani. Da na waiwayo, faifan ya yi ja wur, jar kabar da aka yi kwana biyu ana rini ta kusa ƙarewa.

"Iya, ai kin san tauraro nake so!"

"Ni hannu ce," in ji ta. "Kin ce ja. Kin ce in tsaya?"

Na yi kuka har da majina. Ta bar ni na gama, sannan ta sa na fara sabo. A nan na gane cewa duk zagayen da ya ƙara faɗi sai an ƙara wa kowace kala nata, in ba haka ba tauraron ya karkace. Ban san sunansa lissafi ba sai bayan shekara talatin, da malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta rubuta irinsa a allo.

Yanzu faifan roba ya cika kasuwa, tsamiyar an sare ta, babu mai zama ya zame wa yaro hannu. Ashe an samu wani hannun, a ɗakin makaranta yake, ɗana kuma yana so ya raba yarinya da shi daidai ranar da ta yi kuskuren da zai buɗe mata kai.

Jan faifan nan yana ƙasan akwatina, gefensa ya zaizaye. Da gari ya waye na ciro shi, na ajiye gaban ɗana kusa da kofin shayinsa.

"In ka dawo aiki zan ba ka labarinsa," na ce.

Na yafa mayafina, na kama hannun jikata, muka nufi wajen malamin lissafi a mayar da sunanta.