Baƙin da ke bayan wuyana

Shekara talatin ina dillancin dabbobi. Rago, in na taɓa ƙirjinsa na buɗe bakinsa, na san ko zai kai Sallah. Amma nawa jikin sai da wani ya duba mini.

Wanzamina ne ya fara gani, wata Juma'a yana yi mini aski. Ya danna kaina ƙasa ya ce, "Alhaji, ruwa ya ƙare a Daura ne? Wuyan nan kamar gindin tukunya."

Na koma gida na dirje da soso da sabulun salo har wurin ya yi zafi. Baƙin bai fita ba. Da Juma'a ta zagayo wanzamin ya shafa wurin, ya ce ga ma 'yan tsiro kamar ƙwayar gero, mataccen jini ne. Ya kafa mini ƙaho huɗu. Jini ya fita, baƙi yana nan.

Sauran alamomin ban ɗauke su ciwo ba. Tumbi ya fito, 'yan kara, kasuwarmu ta dabbobi, suna cewa na samu duniya. Ina gama cin tuwo barci ya kwashe ni, kafin la'asar yunwa ta dawo, sai fura da sukari cokali uku.

Ranar wani suna a Sandamu na cire hula zan yi alwala, 'yar yayana da ke aikin asibiti ta kawo mini buta. Sai ta ƙi tafiya.

"Baba, tun yaushe wuyanka ya yi haka?"

"Ke ma tsiyar za ki yi mini?"

"Irin na babanmu ne. Haka nasa ya yi tun kafin a yanke ƙafar."

Ciwon suga ne ya ci ƙafar yayana. Ni na tallabo shi ranar da aka sallamo shi.

Ta kai ni aka gwada jini. Ba a ce ina da suga ba, an ce yana bakin ƙofa. Wai akwai wani sinadari da ke tura sukari cikin tsoka, nawa jikin ya fara ƙin jin maganarsa, kamar bijimin da ya saba da sanda.

Ikon Allah. Ya sa jiki yana gargaɗi tun cuta ba ta iso ba, ya kuma ajiye gargaɗin a ƙasan ƙeya, inda sai ɗan'uwa ya gane maka. Sau nawa na tsaya a sahu bayan yayana, wuyansa a gabana, ban san abin da nake kallo ba.

Yanzu da ƙafa nake zuwa kara, furata ba sukari. Ba daɗi, kuma ina gajiya. Amma in na zo wanke ƙafa a alwala, nakan daɗe a kan kowace.