Keken Kawu A-Sa-Yalwa

Ku da kuka san Kawu Ummaru na Bungudu, wan mahaifiyata, kun san bai taɓa sa abin da ya yi masa daidai ba. Hularsa kunnuwa ne ke tare ta. Takalminsa sai an cusa tsumma a gaba. In ya je wurin tela, ana tsaka da awo zai kama hannun telan ya ce, "A sa yalwa." Tela ya ƙara. Sai ya ce, "Ƙara dai, ba ka san mi zan zama ba."

Jama'a, mutumin da ya haura sittin ke nan fa! Kuma tsakani da Allah, ko a tsaye yake ni a zaune kan benci, ba sai na ɗaga kai sosai ba mu haɗa ido. Tun ana kiransa A-sa-yalwa a bayan ido har ya zamana shi da kansa yake amsawa.

Wannan hali nasa bai taɓa cutar kowa ba sai da ya biyo ta kan keke. Tsohon kekensa ya gaji, ga hanyar gonarsa ta Furfuri duk kwazazzabai da tsakuwa. Rannan sai ga shi a rumfata a kasuwar Gusau, inda nake sayar da hatsi, ya ce, "Lawali, tashi ka raka ni. Keken hawan dutse nika so, mai ƙaton taya da giya, irin wanda samari ka hawa."

Muka je wurin masu kekunan gwanjo. Mai kekunan ya dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya jawo wani ɗan madaidaici.

"Baba, wannan ne naka. Shi irin wannan keke ba taya ake dubawa ba, firam ake dubawa, wato ƙarfen jikinsa. Ka tsaya ƙarfen tsakiya yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a samu sarari kamar faɗin hannu tsakaninka da ƙarfen. In ka hau sirdi kuma, hannunka ya kai birki ba sai ka miƙe ba."

Kawu ya juyo yana murmushi. "Ka ji ko, Lawali? Shi ma ya ce a sa yalwa."

"A'a Baba, yalwar tsakaninka da ƙarfen nake nufi."

Ina! Idon Kawu ya riga ya faɗa kan wani jan keke da ke jingine a can ƙurya, zabgege, wanda ko ni sai na yi ɗage. Ya nuna shi da baki. "Wancan fa?"

"Wancan na dogaye ne, Baba."

"Kuɗinsu ɗaya da wanga?"

"Ɗaya ne."

"To don mi zan bar maka ragowar ƙarfena?"

Mai kekuna ya dube ni, na dube shi. Na yi magiya, na yi faɗa, na ce, "Kawu, wallahi ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba." Ya ce, "Yo in ƙasa nika so in taɓa, mi ya kai ni sayen keke?" Haka muka fito, yana tura shi, sirdin yana kusa da haƙarƙarinsa.

Da Inna, mahaifiyata, ta ga keken a ƙofar gida, salati ta saka. Ta ja ni gefe ta ce, "Lawali, da kai aka sayo wannan masifa, kai za ka raba shi da ita. Shi kaɗai ya rage min a ɗakinmu. In Yaya ya karya ƙugu a wannan shekaru, ba zai sake tashi ba." Hankalinta a tashe yake, kuma gaskiya ce ta faɗa. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar raba Kawu da jan keke.

Shi kuwa tuni ya shirya. Ya sauke sirdi har ƙarshe. Ya sa kafinta ya yanko masa katako biyu aka ɗaure a kan feda. Hawa ba matsala: ya taka dakalin ƙofar gida, ya yi bismillah, ya wuce. Tsayawa ce aiki. Sai ya bi gari yana ajiye duwatsu. Ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya a ƙofar gidan amininsa Malam Isa da ciwon ƙafa ya zaunar, ɗaya a bakin gona. Ba ya tsayawa sai inda dutsensa yake. Tun daga nesa zai fara kaɗa ƙararrawa, sai ka ga manya da gemunsu sun zabura, wannan ya kama kan keke, wancan ya riƙe sirdi, har ya sa ƙafa a dutse. Ya sauko yana gyara babbar riga kamar wani gwamna, ya ce, "Sannunku, ai da kun bar shi."

Na ce masa, "Kawu, ran da wani ya ɗauke dutse fa?"

Ya ce, "Sai in wuce na gaba. Ai gari da faɗi."

Wanda duk ya je sunan jikarsa a Tsafe ba zai manta ba. Na ce mu tafi a mota, a bar keke a gida. Ya yarda da mota, amma sai da aka ɗaure keke a kanta, wai surukai su san ba a ƙasa yake ba. Muka sauka a tasha, ya taka bencin wani mai rake ya haye, ya riga mu yin gaba. Abin da ya manta, Tsafe babu dutsensa ko ɗaya.

Muna karyo kwana muka hango shi. Mutane cike a ƙofar gida kan tabarmi, Kawu yana zagaya bishiyar dalbejiyar da ke filin.

Zagayen farko ya ɗaga murya, "Salamu alaikum!" Aka amsa. Ya wuce.

Ya dawo. "Barkanmu da arziki!" Ya wuce.

Ya sake dawowa, gumi ya fara keto masa. "Ya maijego? Allah shi raya!" Mutanen Tsafe suna ta "amin, amin," sun ɗauka sabuwar gaisuwar Bungudu ce. Ni kuwa dariya ta hana ni gudu, ina ta nuni da hannu a kama shi, su kuma suna ɗaga min hannu suna min sannu da zuwa.

Da ƙafa ta gaji, kun san Kawu, ba zai taɓa cewa a taimake shi ba. Sai ya daka tsawa, "Wai garin nan ba a tarbar baƙo ne?" Kafin a gane, ya nufi tarin harawar da ke jikin katanga ya shige. Ƙafafu a sama, taya tana ta juyawa. Aka zaro shi da ganyen wake a gemu. Ya karkaɗe riga ya dubi surukinsa ya ce, "Harawarku ta yi kyau bana. Dama ita na zo dubawa."

A mota muna komawa na buɗe masa wuta. Na ce yau harawa ce, gobe kwalbati ne. Ya yi kunnen uwar shegu da ni yana kallon dutsen Kwatarkwashi ta taga, can ya ce, "Ka ga wancan? Da shina Tsafe, da na sauka lafiya."

Abin da Inna take tsoro kuwa sai da ya zo, Allah ya taƙaita. Da damina a hanyar Furfuri taya ta zame a gangaren kwazazzabo. Da ƙafarsa tana kai ƙasa da ya dogara, to ba ta kai. Wani makiyayi ne ya tsince shi ya kawo shi gida, hannun hagu a karye. Ranar ban yi dariya ba. Amma shi, mai ɗori yana ɗaure masa kara a hannu, ga shi yana cije baki, sai da ya samu ya ce, "Malam, a sa yalwa." Mai ɗori ya ce, "Nan dai kam babu yalwa, Baba." Ya ƙara tamkewa.

Yana jinya na yi abin da ya kamata. Na kai jan keke rumfata na sa masa kwaɗo, na koma wurin mai kekuna na ɗauko ɗan madaidaicin nan na farko. Da hannu ya warke na kai masa. Ya tsaya a kansa, ƙafa biyu a ƙasa ɗam, ga sarari faɗin hannu, yatsunsa a kan birki. Kamar don shi aka ƙera. Inna har da guɗa. Kawu ya hau ya tafi.

Bai faɗi ba ko sau ɗaya. Amma ba a jima ba sai ya rage fita. Daga baya keken ma ya jingine shi a zaure, ƙura ta rufe sirdi. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma zaman shiru a dakali. Wata Juma'a bayan an sauko muka je da Inna, ta ce, "Yaya, ko hannun ne?"

"Hannu lafiya lau."

"To keken ne bai yi ba?"

"Keke ya yi. Ya yi daidai." Ya murza hula. "Shi ne ma abin. Da wancan, in na kaɗa ƙararrawa kowa sai ya taso. Mai shayi ya bar tukunya, liman ya bar buta. Isa da ba ya iya tashi, sai ya rarrafo bakin ƙofa yana ihu a kama ni. In an riƙe ni kuwa dole a zauna a gaisa. Wanga fa? Hannu kawai aka ɗaga min in wuce. Tun da uwar yaran nan ta rasu, wa ke taɓa ni in ba wurin saukowa ba?"

Inna ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyara shi. Da muka fito ta ce, "Lawali, mayar masa da abinsa."

Na ce, "Inna, ke fa kika ce..."

"Na san abin da na ce. Mayar masa."

Na mayar, amma da sharaɗi, don ni ma jininsa ne wajen taurin kai: gona da ƙaramin keke, cikin gari da ja. Ya yi ta ƙorafi, ya ce na raina shi, amma ya bi. Kuma har gobe ina nan kan bakana, jan keken nan ya fi ƙarfinsa, duk mai sayen keke ya tsaya a kansa ya ga ƙafa ta taɓa ƙasa. Ranar da ya sake fitowa da jan keken, da ya iso ƙofar gidanmu sai ya tarar Inna ta sa an kife tsohon turminta a bakin zaure. Ita ce ta fito da kanta ta kama masa kan keken. Ya sa ƙafa a turmi ya ce, "Wanga turmi ya yi gajere." Ta ce, "Sauko dai, Yaya, kafin in saki."

Ba keke ne ya yi ajalinsa ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika a kan gadonsa, muna riƙe da shi. A maƙabarta ana cikin haƙa, Malam Isa, da aka kawo shi a kan babur, ya leƙa ramin ya ce da muryar kuka, "Ku sa yalwa." Muka fashe da dariya, hawaye na zuba, har liman sai da ya rufe fuska da rawani.

Duwatsun suna nan, babu wanda ya ɗauke ko ɗaya. Turmin ma yana ƙofar gidanmu a kife. Kwanaki wani maƙwabci ya ce zai matsar da shi don motarsa ta samu hanya, Inna ta leƙo ta ce ya nemi wata hanyar.

Ya Allah, bawanka Ummaru ya iso, ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ka sa a tarbe shi, Ka gafarta masa, Ka haskaka makwancinsa. Kabarin nan kuma, ya Ubangiji, Ka sa masa yalwa. Amin.