Tambayar Da Ta Zaunar Da Maigidana

Akwai wata Lahadi a Agege da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Lokacin ba a daɗe da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ba. Mu mutanen kudancin Kaduna ne. Maigidana tela ne, kuma shi ke koyar da masu shirin baftisma a wata 'yar majami'a da ake sujada da Hausa. Ɗanmu ɗaya tak, saurayi, yana aikin sauke tumatir a kasuwar Mile 12.

Wata safiya rikici ya ɓarke a kasuwar tsakanin 'yan arewa da 'yan gari, yaron bai dawo gida ba. Maƙwabcinmu, wani maigadi Musulmi ɗan Nijar, shi ya raka maigidana asibiti-asibiti har suka same shi a ɗakin ajiye gawa. Waɗanda suka sare shi ba su tambayi addininsa ba, Hausa kawai suka ji a bakinsa.

Maigidana bai yi kuka ba, ko a bakin kabari. Ni ce nake birgima, shi yana riƙe da ni. Da Lahadi ta zagayo na ga ya sa rigarsa zai fita, na ce, "Malam, ka bari wani ya karɓe ka yau mana." Ya ce, "Darasin yau nawa ne, tun kafin abin ya faru aka ba ni."

Darasin kuwa a kan Allah Uba da Almasihu Ɗansa ne, cewa ɗaya suke, ba a raba su a iko ko a nufi. Na bi shi na zauna a bencin baya. Ya fara bayani tiryan-tiryan, muryarsa ko rawa ba ta yi. Sai wata budurwa, sabuwar zuwa daga Filato, wadda ba ta san abin da ya same mu ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baba, in dai ɗaya suke, yaya Uban ya ji sa'ad da ake kashe Ɗan?"

Maigidana ya dafa tebur. Can ya ce, "'Yata, na sha amsa wannan tambayar. Uban ya ji, ba abin da ya taɓa Ɗan da ya ɓuya gare shi. Amma ni, lokacin da ake saran nawa ina kan keke ina ɗinki. Ban ji komai a jikina ba. Har waƙa nake yi."

Daga nan ya sulale ya zauna a ƙasa, dattijo da furfurarsa, ya fashe da kuka. Ban iya tashi na je wurinsa ba.

Bai sake koyarwa ba. Yana zuwa sujada, amma ba ya buɗe baki. Shagon ma ya daina buɗewa. Budurwar ta zo har gida ta durƙusa tana ba mu haƙuri, ya ce mata ba ta yi laifin komai ba. Shekara ba ta zagayo ba muka binne shi kusa da yaron. Likita ya ce hawan jini ne.

Har yau ina riƙe da abin da ya koyar, ban taɓa shakka ba. Sai dai na gane mutum yana iya sanin amsa daidai, ya gaskata ta da zuciya ɗaya, baƙin ciki kuma ya kashe shi. Shi ya sa in na je gaisuwar mutuwa ba na yi wa kowa bayani. Tabarma nake nema in zauna kusa da mai makoki, in yi shiru.