Ni Na Yanke Wa Bala Cibi

Ku da kuke koyon ungozomanci a hannuna, har gobe ban manta da safiyar da aka kai ni komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba. Ni da ko kasuwar Mokolo ba na zuwa sai dole!

'Yan sanda ne suka yi kame a unguwarmu Briketeri, suka tafi da Bala mai gyaran babur, ɗan maƙwabciyata Hajja Dije. Ba shi da katin ɗan ƙasa, don ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba. Da suka ji kakansa Bakano ne, sai suka ce baƙo ne ɗan Najeriya, bakin iyaka za a kai shi. Yaron da ko hanyar Najeriya bai sani ba.

Madam Aisatu ta ƙungiyar kare haƙƙin 'yan unguwa ta same ni ina tuwo.

"Inna, tsarin mulki bai ce mai sunan Hausa rabin ɗan ƙasa ba ne. Amma sai da shaida. Wa ya karɓi haihuwarsa?"

"Ni ce. 'Yar nan, in suka haɗa da ni fa?"

"To sai su haɗa da mu duka."

Muna isa na tarar matan unguwarmu har da na unguwar Ekudu sun shimfiɗa tabarmi bakin ƙofa sai an sako Bala, ba waƙa ba ihu. Wani ɗan sanda yana zagaya su yana kaɗa kulki. Na bi Madam muka shige.

A ciki babban 'yan sandan ya daka min tsawa da Faransanci. Madam ta ce yana tambaya ne ko na san shaidar ƙarya ɗauri ce. Can na hango Bala a tsugune, babu riga, leɓensa a fashe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanke masa cibi. Mabiyiyarsa tana binne bayan ɗakin uwarsa."

Bai ko ɗago ba. Aka sa na dangwala yatsa, aka koro mu. Matan suka ƙi tashi, rana ta dake mu har la'asar, sannan aka turo Bala waje. Katin kuwa sai da ƙungiya ta yi ta sintirin kotu kafin ya samu.

Da ina cewa aikinmu ya ƙare in jariri ya yi kuka. Yanzu ba na cin naman suna sai uban ya nuna min ya rubuta ɗansa a hukuma. Ku ma kada ku ci.