Shekarar da Aka Ƙone Jemagun Durumi

A shekarar fari ta biyu, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Abin da ya rage mana shi ne ɗorawa huɗu a gonar maigidana, can yamma da Bici. Ni mai daddawa ce, amma a shekarar ba kalwa nake jira ba, garin nake jira. Na yaye 'yata ta fari, kuma da kunun garin ɗorawa nake sa ran riƙe ta har sabon gero. In ɗorawa ta ƙi, sai dai in ba da ita riƙo.

Itatuwan suka yi fure jajir kamar an rataya musu tuntaye. Da magariba jemagu kan taso daga babban durumin bakin kududdufi su rufe su. Haka suke yi tun kakanni, ba wanda ya taɓa kulawa. Amma mai yunwa komai ya gani ɓarawo ne.

Wan mijina, mutum ne mai neman kuka, sai ga shi an jefe shi da kashin awaki. Ya shigo gidanmu da furen da ya tsinta a ƙasa.

"Ka gani ko? Muna barci suna cinye mana abinci."

Na ce, "Yaya, bara ma ai sun zo, kuma ta yi 'ya'ya."

Ya ce, "Bara daban, bana daban. Ke dai ji da tukunyarki."

Da hantsi, lokacin da jemagun ke rataye suna barci, maza suka tara kara da ƙaya a gindin durumin, suka watsa barkono suka cinna wuta. Wasu suka ɗaura tsumma a kan gora suna kai harshen wutar cikin rassa. Ina bakin kududdufi da tuluna, na ga komai. Jemagun suka riƙa zubowa, fikafikansu na narkewa, suna wata tsuwwa mai shiga ƙashi. Wanda ya faɗo da rai a bi shi da kulki. Akwai wadda ta faɗo gabana da ɗanta manne a ƙirji, maigidana ya take su da diddige, ya wuce. Ban taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Ƙaurin gashi ya kwana a zannuwanmu, shirwa da karnuka suka yi ta biki. Da la'asar aka sassare rassan durumin don kada sauran su dawo.

Na juya gawar ɗaya da tsinke. Fuskarta duk ta yi ɗorawa-ɗorawa da ƙurar fure, kamar yaron da ya sa kai a ƙwarya. Ban gane ma'anar abin ba a lokacin.

Furanni suka yi baƙi suka kakkaɓe. Muka yi ta ɗaga kai har wuya ya gaji. Da maigida ya hau da ƙugiya, abin da ya sauko da shi daga itace huɗu bai cika kwando ba. Wansa ya ce ai an makara ne wajen kisan.

Na goya yarinyar na nufi gidan gwaggona a hayin Watari. A hanya na ga ɗorawar mutanen can ta yi nauyi har rassa sun sunkuya, ga jemagu rataye a ceɗiyar kasuwa ba mai ce musu kanzil. Fari ɗaya ya same mu da su. Nan na gane cewa ƙurar nan da suke kwasa daga fure zuwa fure ita ce ke sa itace ya ɗauka. Shi ya sa har yau in na ga yaro da danƙo a gindin durumi, sai na ƙwace, uwarsa ta zo ta same ni.

Na bar wa gwaggo yarinyar, na ce mata zuwa kaka zan dawo in ɗauke ta. Kakar ma ba ta yi kyau ba, ta gaba kuma ina da goyo. Da na koma, yarinya ta yi wayo. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta juya ta ce wa gwaggo, "Inna, kin yi baƙuwa."