Ɗakin Katakon Baffa Idi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Idi, ƙanin mahaifina, kafintan da aka haifa a unguwar Tandabawi bayan iyayensa sun iso Makka ta Sudan. Allah Ya jiƙansa.

Lokacin da ake rushe tsofaffin gidajen da ke kusa da Harami, Baffa kan bi bayan masu rusau yana tsamo ginshiƙan katako daga cikin ɓaraguzai. Da su ya ɗora ɗaki a saman gidanmu. Tagoginsa roshan ne, wato katako mai ƙananan ramuka da iska ke ratsawa. Ko da tsakar rana ba ya kunna na'urar sanyi a ciki, alhali mu a ƙasa bangon siminti na gasa mu.

Na taɓa tambayarsa me ya gani a tsohon ice. Ya ce, “Ɗana, siminti in ya faɗi ya zama shara. Katako kuwa zare ƙusa kawai za ka yi, ya koma aiki.”

Ba duka maganarsa na ɗauka ba. Makka ba garin bishiya ba ce, jirgin ruwa ke kawo katako, ga gara, ga tsoron gobara. Amma yau da nake ganin manyan motoci na fita da ɓaraguzai bayan gari, nakan ce da yana raye me zai ce? Ina jin ba zai yi wa'azi ba. Tsayar da direba zai yi ya leƙa cikin motar.

Bara 'ya'yansa suka yanke shawarar ƙara bene, don iyali sun yi yawa. Na roƙi a bar ɗakin. Babbansu ya ce, “Yaya, in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.” Kwana biyu aka yi ana kwance ɗakin, ba ƙura, ba tarkace. Wani tela mutumin Maraɗi ya kwashe katakon kaf.

Ban san abin da ya rage na Baffa a zukatan jikokinsa ba, Hausar ma da ƙyar suke ji. A watan jiya dai na bi ta unguwar Zahir, na tarar da ginshiƙan nan riƙe da rufin shagon telan. Bai taɓa jin sunan Baffa ba. Na faɗa masa, ya ajiye almakashi, muka ɗaga hannu muka yi masa Fatiha.